Tozon Jika Mai Famfo

A unguwar Congo-Russia ta garin Jos idan ka ce kana neman Malam Jika, tambayar da za a fara yi maka ita ce: ruwa ne ko nama? Mutumin ɗaya ne, aikinsa ne biyu. Gyaran famfo shi ne sana'arsa, da shi ya yi aure, da shi ya rufe gidansa da kwano. Ɗaya aikin kuwa ba ya kawo masa ko sisi, amma shi ya sa ake gaishe shi tun daga nesa. Shi ne mai kasa naman watanda na unguwa.

Watanda ai ba baƙuwar kowa ba ce. Biki ya matso, magidanta su haɗa hannu su sayi sa, a kayar, a feɗe, a kasa tsibi-tsibi, kowa ya kwashi nasa. A baki abu ne mai sauƙi. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban nama ya san tsibin maƙwabci kullum ya fi nasa kumbura, ko da sikelin asibiti aka auna shi. Shi ya sa a wasu unguwanni sai an yi ƙuri'a, an yi rantsuwa, wani lokaci har a cire riga. A Congo-Russia ba a yin ko ɗaya. Jika zai tsuguna da barhonsa, ya jefa tsoka nan, ya jefa ƙashi can, ya gutsuttsura hanta ya bi kowane tsibi da ita kamar mai rabon goron ɗaurin aure, sannan ya nuna da bakin wuƙa ya ce, "Wane, ga naka." Wane kuma ya ɗauka bai ce uffan ba.

Sirrin abin yana cikin tozo. Sa ɗaya tozonsa ɗaya, kuma babu magidancin da zai zuba ido tozo ya faɗa tsibin wani. Don haka tun zamanin mahaifin Jika, wanda ya zo Jos haƙar kuza ya ɓuge da riƙe wuƙa, dattawa suka yanke hukunci: tozo ba ya shiga kaso, ladan mai kasawa ne, shi da kitsen ciki da bargon ƙashin cinya. Hikimarsu ita ce mutumin da aka cika wa hannu da tozo ba shi da dalilin tura tsoka ƙarƙashin tabarma. Al'adar ta ƙara da cewa sai ya gasa wani yanki a wurin ya ci a gaban jama'a, kowa ya gani da idonsa an sallame shi.

Jika bai taɓa saɓa wa wannan al'ada ba. Idan aka zo nan, mutum ne mai biyayya ƙwarai.

Ga kuma ƙarin arziki. Unguwar gauraye take, Musulmi da Kirista katanga ɗaya. San Kirsimeti ma Jika ke yankawa, don idan an kai wa maƙwabta Musulmi kwanon shinkafa da nama su ci hankali kwance. Wanda ya yanka shi ke kasawa, wanda ya kasa shi ke da tozo. Ga na Ista, ga na biki, ga na ƙungiyar direbobi. A farkon shekarun dubu biyu kuma ƙaramar sallah da Kirsimeti suka riƙa zuwa kusa da juna, cikin tsakiyar sanyi, kafin Jika ya gama suɗe tozon wannan, na wancan ya iso. Bayan rikicin da aka yi a garin, mutane da yawa sun daina shiga gidajen juna, wasu ma sun tashi. Watandar nan dai ba ta mutu ba. Kusan ita kaɗai ta rage inda za ka ga Alhaji da dattijon coci sun tsuguna kafaɗa da kafaɗa suna hararar tsibi ɗaya.

Duk wannan zumunci a jikin Jika yake sauka. Gajere ne dama, sai ya yi faɗi. Idan zai shiga ƙarƙashin wurin wanke-wanke ya ɗaure bututu, sai ya fara shawara da tumbinsa. Ƙeyarsa ta yi ninki a kan ninki. Amininsa Badung, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda a tsakar gidansa ake kayar da san Kirsimeti, kan dafa masa wuya ya ce, "Saura kaɗan naka ya nuna, Sarkin Fawa. Ranar sai mu nemi mai kasa ka."

A shekarar da ta biyo bayan gobarar babbar kasuwar Terminus, ana cikin azumi, matarsa Hasiya ta lura da wani sabon hali. Gidansu yana kan ɗan tudu, kuma Jika ya koma ba ya hawansa a tashi ɗaya. Sai ya tsaya a tsakiya ya dafa ƙirji yana gaishe-gaishe. Ya gai da mai kanti, ya gai da mai faci, ya tambayi lafiyar iyalin mutumin da bai sani ba. Ranar da ta leƙo ta same shi yana tsaye babu kowa a hanya sai akuya, ta ɗauki mayafinta.

"Malam, asibiti za mu."

"Wa ba shi da lafiya?"

"Wanda ke hira da akuya."

Ƙaramin asibitin unguwa na Likita Emenike ne. Ibo ne, amma a Jos aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu masu hula. Ya ɗaura wa Jika abin awo a dantse, ya saurari ƙirjinsa, ya ɗebi jini, ya ce su dawo. Da suka dawo ya zaunar da su, ya cire tabarau.

"Baba Jika, kai mai famfo ne, ko?"

"Tun kafin a yaye ka, Likita."

"To ba zan sha wahala ba. Jijiyoyin jininka bututu ne. Akwai wani maiƙo da muke kira kolestarol. Kowa yana da shi, jiki ma yana buƙatarsa. Amma idan mutum ya dage wa kitsen sa da bargo da man shanu, sai ya yi yawa a jini, ya riƙa liƙewa a jikin bututun, hanya tana ƙara matsewa. Naka ya yi yawa sosai. Ranar da bututun da ke kai wa zuciya jini ya toshe, babu mai famfon da za a kira."

Daga nan ya shiga lissafa abin da za a bari. Kitse, bargo, kayan ciki, soye-soye. A ci tsoka kaɗan, a ci kifi, a ci wake da ganye, ga kabeji da karas nan Jos ta cika da su har ana ba wa awaki. A riƙa tafiya a ƙasa. Ga ƙwayoyi.

Jika ya gyara zama ya yi tambayar da ta kawo shi duniya. "Tozo fa?"

"Shi ne shugabansu."

"Likita, ƙara faɗa masa," in ji Hasiya. "Ta wannan kunnen. Wancan na jin kiran watanda ne kawai."

Da yamma bayan shan ruwa Jika ya sami Badung a kan benci a ƙofar gida, ya kwashe labari ya faɗa masa. Ya zaci dariya za a yi masa. Badung bai yi ba.

"Ka bar tozo? To wa zai ci?"

"Sai a ba wani."

"Wane wanin? Kowa zai ce shi ne. Ka san mutanenmu, Jika. Yanzu ma da ƙyar ake haɗuwa. In aka yi faɗa a kan tozo a unguwar nan, ba faɗan tozo za a kira shi ba. Wani suna za a sa masa kafin labari ya kai Terminus."

Maganar gaskiya ce, Jika ya sani. In ya ci, bututu. In bai ci ba, watanda ta watse, kuma a hannunsa. Sai dai kada a cuci tarihi: a can ƙasan zuciyarsa, wajen da bai riga ya toshe ba, ya ji daɗin wannan hujja. Ba kullum mutum ke samun damar ceton unguwa da haƙoransa ba.

Mafita ta zo masa da safe a tsakar gida. Hasiya ta fito da tukunyar miyar jiya za ta wanke. Sanyin Jos ya kwana a kanta, maiƙon ya daskare fari fat kamar kyandir, har da shatin ludayi. Ta kankara da cokali ya ƙi. Ta ɗauko ruwan zafi daga kan risho ta kwara. Nan take ya narke ya bi ruwa ya tafi.

Jika ya miƙe tsaye a hankali. Shekara nawa yana wannan aikin? Duk lokacin sanyi masu gidajen abinci na wajen Terminus sai sun kira shi, bututun wanke-wanke ya toshe. Me ke toshe shi? Maiƙo. Me ya sa ba ya toshewa da bazara? Zafi. Da me yake buɗe shi? Tafasasshen ruwa. Kuma Likita da bakinsa ya ce jijiya bututu ce. Ashe laifin ba na tozo ba ne, na Jos ne. Yaron ya yi karatu, babu musu, amma bai taɓa kwana a ƙarƙashin wurin wanke-wanke ba.

A ranar ya sauka Terminus, inda 'yan gwanjo suka baje a bakin titi tun da kasuwa ta ƙone. Ya sayi suwaita biyu, da kwat mai gashi a wuya irin ta ƙasashen ƙanƙara, da wata doguwa ta ɗorawa a kai, da hular sanyi mai rufe kunne, da safar hannu, da babban fulas. Ya dawo gida sai da ya juya gefe kafin ƙofa ta karɓe shi.

"Malam, tafiya ce ta kama?" in ji Hasiya.

"Magani ne."

"Na Likita fa?"

"Yana aljihu. Shi ma ya ji ɗumi."

Dokar da ya kafa wa kansa mai sauƙi ce: kada jini ya huce. Ruwan sanyi ya haramta. Alwala da ruwan zafi. Shayi kuwa bayan shan ruwa sai wanda ya sha citta da kanumfari da masoro har yana sa hawaye. A masallaci sahun da yake ciki ya riƙa yin gajarta, don shi kaɗai yana cin wurin mutum biyu, gumi na ɗiga daga gemunsa a kan tabarma alhali kowa na rawar ɗari.

Ranar jajibere aka kayar da san sallah. Jika ya kasa nama cikin kwat biyu, hannun riga a naɗe. Aka gama dab da magariba. Ana kiran salla ya kai dabino baki don cika sunna, sannan ya juya ga tozon da ke tsiyaya a kan garwashi. Loma ɗaya, kurɓin shayi ɗaya, loma ɗaya, kurɓi ɗaya. Yana ci yana bayani.

"Kun taɓa jin wannan ciwo ya kama Basakkwace? Ba za ku ji ba. Can kitse ba ya samun wurin zama. Mu ne nan muke zaune a cikin firij ba mu sani ba."

"Ƙanina a Makurdi yake," in ji Badung. "Garin kamar tanda. Wannan ciwon ne ya kwantar da shi."

"Yana da fanka?"

"Yana da ita."

"To ka gani."

Bayani ya shiga mutane, musamman masu tumbi. Nnadozie mai sayar da kayan gyaran mota, wanda shi ma an taɓa yi masa irin wannan gargaɗi, ya wayi gari cikin kwat. Direbobi biyu suka bi. Mai shayin bakin titi ya ƙara tukunya. Idan ka ratsa unguwar da tsakar rana a wannan watan, sai ka ga ƙattin magidanta a jere a rana sun duƙunƙune, suna cin balangu mai kitse suna korawa da ruwan zafi, fuska a murtuke irin ta masu jinya.

Hasiya ta yi magana, ta yi fushi, ta dafa gwate, faten nan na mutanen Jos, da ganye ta ajiye masa. Ya ci gwaten, ya gode, sannan ya ɗora soyayyen tozo a kai don kada gwaten ya ji kaɗaici.

Ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti aka kira shi gyaran tankin ruwa a saman wani bene a Jos Jarawa. Rana ta take, irin ranar Jos mai cizo ko da sanyi. Ya hau tsani da kayansa duka, fulas a rataye. Yana kaiwa sama ya ji kamar wani ƙato ya zauna masa a ƙirji ya miƙe ƙafa. Hannun hagu ya yi nauyi, garin ya fara juyawa, duwatsu suna bin gidaje. Ya rungume tanki ya ƙi saki. Da igiyar rijiya aka sauko da shi, magina huɗu suna riƙe, suna tambayar juna ko mutum ɗaya ne a ciki.

A asibiti Likita Emenike ya fara ɓare shi kamar kabeji. A cire wannan, a sami wata. A cire waccan, ga suwaita. A aljihun ta ciki ya ci karo da ƙwayoyinsa, ko ɗaya ba a ɓalla ba. Ya yi abin da ya kamata, ya sa masa ruwa, ya ba shi magani, ya kwantar da shi. Sai da numfashi ya daidaita, washegari, sannan ya ja kujera.

"Baba Jika, wa ya ce ka sa kayan nan?"

"Kai, Likita."

"Ni?"

"Ka ce bututu ne." Ya kwashe hikimar tukunya da ruwan zafi ya zayyana, muryarsa a shaƙe amma da sauran alfahari.

Likita ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna motsi. Da ya ɗago sai ya ɗauko ma'aunin zafin jiki ya sa wa Jika a baki, ya duba, ya nuna masa. Ya goge shi ya sa wa Hasiya, wadda ke zaune da atamfa da mayafi kawai. Ya duba, ya nuna masa. Wuri ɗaya suka tsaya.

"Ka gani? Cikin jikin mutum zafinsa ɗaya ne, ko a Jos ko a Sakkwato, ko da kwat ko ba riga. Jininka bai taɓa hucewa ba tun da aka haife ka. Kuma kitsen da ka ci ba haka yake wucewa cikin jijiya kamar na tukunya ba. Ciki ya narkar da shi, hanta ta karɓa, ita ke sa kolestarol ya ƙaru a jini. Wanda ya liƙe kuma cikin bangon jijiyar yake shiga, shayi ba ya kaiwa can. Laifina ne da na ba mai famfo misali da famfo. Na sake auna jininka, ya fi na da."

"Duk gumin nan?"

"Gumin ruwa ne. Kitsen yana nan, ya gode da ɗumi." Sai ya daina murmushi. "Jiya gargaɗi aka yi maka, Baba. Ba kowa ake yi wa ba. In ka ci tozon Kirsimetin nan da na bayansa, ban ce ga rana ba, amma su fara neman wanda zai riƙa yanka musu."

Wannan karon Hasiya kayan sanyin kawai ta jawo gabanta. Ta naɗe kwat ɗin ɗaya bayan ɗaya, tana kallon ƙasa. Wannan shirun ya fi duk faɗanta shiga jikin Jika.

Ranar jajiberin Kirsimeti aka taru a tsakar gidan Badung. Jika ya zo da riga ɗaya da suwaita, ya rame a fuska. Almajiransa na kwat suka gan shi, suka fara zare nasu a hankali kamar dama zafi ne ya dame su. Ya yi bisimilla ya yanka, aka feɗe, ya kasa yadda ya saba. Tozo yana gefe a kan faranti, garwashi ya yi ja. Kowa na jira ya gasa ya ci a tashi.

Ya goge wuƙa ya ce, "Jama'a, na bar cin tozo. Likita ya hana, kuma na gwada gardama ban ji daɗinta ba."

Idanu suka tafi kan faranti gaba ɗaya.

"To ai sai a ba babba a cikinmu," in ji Badung, yana gyara tsayuwa.

"Da wane haƙori, Baba?" in ji Nnadozie. "Ni na kawo motar da ta ɗauko san nan."

"A kai wa Fasto," wani dattijon coci ya ce daga baya.

Alhaji Abdulfatah mai kantin atamfa, wanda ke shiga watandar Kirsimeti kowace shekara saboda yawan iyali, ya ce, "In haka ne na sallah sai a kai wa Liman. Amma na sallar bana an riga an cinye, wa zai rama mana?"

"Mana? Su wa ke nan?" in ji dattijon.

"Ka san su."

Murya ta fara tashi. Waɗanda ke tsugune suka miƙe. Jika ya duba ya ga, ba tare da kowa ya shirya ba, masu hula sun koma gefe ɗaya, marasa hula ɗaya gefen, faranti a tsakiya. Badung ya matso kusa da shi ya yi ƙasa da murya.

"Ɗan yanki kaɗan, Jika. Ko taɓawa ka yi da harshe, a tashi lafiya."

Jika ya jawo farantin. Ya yanki yanki, fari da ja a jere, irin wanda in ya hau garwashi har maƙwabta sai sun haɗiyi yawu. Ya riƙe shi a bakin wuƙa. Hayaniya ta lafa, kowa ya saki ajiyar zuciya. Jika ya dubi yankan kamar yadda ake duban tsohon aboki a tasha. Sai ya jefa shi kan tsibin farko.

Ya sake yanka, ya jefa a na biyu. Haka ya bi tsibin nan kaf, kowanne da ɗan tozonsa kamar ɓarin goro, ya bi da kitsen ciki, ya farfasa ƙashin bargo ya raba. Faranti ya koma fayau.

"Wannan ai ko haƙori ba zai shafa ba," in ji Alhaji Abdulfatah.

"Raini ne," in ji dattijon cocin da ya ce a kai wa Fasto. Karo na farko ke nan a ranar da bakinsu ya zo ɗaya.

Nnadozie ya ɗaga hannu. "Oga Jika, ba zargi ba ne. Amma yanzu mene ne ladanka? Mutumin da ba a biya ba, kuma wuƙa a hannunsa, kuma shi ke nuna wa kowa nasa..."

Jika ya san tambayar za ta zo, ya kwana da ita a gadon asibiti. Ya bi tsibin ya ɗan rage daga kowanne, ya tada sabon tsibi guda a ƙarshen layi.

"Na daina nunawa. Kowa ya zaɓa da kansa. Wanda kuka bari shi ne nawa."

Aka dubi juna. Aka juya maganar ta kowace fuska ana neman inda cutar take, ba a samu ba. Mutumin da zai ɗauki na ƙarshe ba shi da dalilin kumbura wani tsibi. Sai aka shiga zaɓe. Magidanta masu jikoki suna zagaye nama hannu a baya, suna leƙe, suna taɓawa da ɗan yatsa, Alhaji yana ba dattijon coci shawara, dattijon yana ƙin bi. Kuma da yake mutanen Congo-Russia ne, kowa inda fari ya fi yawa yake kai hannu. Duk tsibin da ke ƙyalli sai da aka kwashe.

Wanda ya rage ja ne wur, tsoka zalla, sai ɗan ɓarin tozon nan guda a samansa. Jama'a suka tsaya da kwanoninsu suna kallonsa, kunya ta kama su.

"Wallahi mun cuce shi," in ji Nnadozie a hankali. "Ko maiƙon shafa leɓe babu."

Badung ya sunkuya ya tsince ɓarin tozon daga tsibin Jika ya jefa a nasa kwanon. "Wannan na babba ne. In bai tauna ba zan tsotsa."

Jika ya kwashe namansa a leda, ya wanke wuƙa, ya kama hanyar gida a ƙasa, kamar yadda Likita ya ce. Ya tsaya a tsakar gida ya miƙa wa Hasiya. Ta buɗe, ta juya naman sama da ƙasa.

"Wannan fa?"

"Ladana ne. Daga yau haka za a riƙa cutata."

Har yau shi ke kasa watandar unguwar, sallah da Kirsimeti. Ƙwayoyinsa yana sha, tsoka kaɗan yake ci, gwate kuwa ya ce ya saba da shi yadda ake sabawa da surukai. Mutane suna ta gunaguni a kan ƙanƙantar tozon da ke zuwa musu, Musulmi da Kirista, baki ɗaya, kowace shekara, kuma babu wanda ya taɓa fashin zuwa.